Uban Basira Ya Riga Ya Biya

Mahama bai taɓa jin zafin arzikin ƙanensa ba sai da maganar takalmin fareti ta taso. Kafin nan, in ana hira a ƙofar masallacin unguwar Alabar aka ambaci Kamil mai shagon wayoyi, shi ne yake fara buga ƙirji ya ce, "Ai ƙanena ne, ciki ɗaya. A bayana ya girma."

Shi Mahama direban aboboya ne, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake lodin kaya a bayansa. Daga kasuwar Kejetia yake kwasar doya da albasa da buhunan gawayi, ya kai Sofoline ko duk inda mai kaya ya nuna masa. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum da yamma sai ya kai wa mai shi nasa kason kafin ya san abin da ya rage masa. Matarsa Hamamatu tana sayar da koko da ƙosai a bakin layinsu. 'Ya'yansu uku: Basiratu, wadda kowa ke kira Basira, ita ce babba, sai ƙannenta maza biyu da ba su gama sanin ciwon kansu ba. Ba a kwana da yunwa a ɗakinsu, amma kuma ba a kwana da saura.

Kuɗin makaranta shi kansa bai kai tarkacen da ke biyo bayansa ciwo ba. Yau a ce rigar wasanni, gobe a ce kowane yaro ya zo da shigar aikin da yake so ya yi in ya girma, jibi a ce bikin rufe makaranta, kowa ya zo da shinkafa da kaza da lemon kwalba. Hamamatu takan ce, "Sukul ɗin nan ba karatu suke sayarwa ba, biki suke sayarwa." Duk da haka Basira ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Ko an makara, ko an rage, ana yi.

Sai aka zaɓe ta cikin 'yan kadet da za su yi fareti ranar shida ga Maris, ranar bikin 'yancin kai. Riga da hula makaranta za ta ara musu, takalmi kuwa kowa ya sayi nasa, baƙi, mai tsawo, irin na soja. Mahama ya yi ta zagaya wurin masu gwanjo a Kejetia tsakanin lodi da lodi har ya dace da wani mai kyau, an ɗan ci dunduniyarsa amma fatar garau. Ya kai wa mai gyara aka yi masa ɗinki, aka goge shi har yana ɗaukar ido. Ya ƙulle shi a baƙar leda, ya taho gida yana ƙissima irin tsallen da yarinyar za ta yi.

Tun daga zaure ya ji tsallen. A tsakar gida ya tarar da ita tana ƙwas-ƙwas a kan siminti cikin sabon takalmi fil, kwalinsa a buɗe a gefe, matan gidan haya sun kewaye ta suna tafi. Kamil yana zaune a kan benci cikin farar shadda, yana ɗaukar ta a waya.

"Baba, duba! Dadi ne ya kawo mini!"

Mahama ya tsaya. "Wa?"

"Dadi Kamil."

Da can Baba Ƙarami take ce masa. Yaushe ya zama Dadi, Mahama bai sani ba. Ya mayar da ledarsa bayansa kamar wanda ya sato, ya ce, "Madalla. Allah ya saka, Kamil." Washegari ya mayar wa mai gwanjo takalminsa, mutumin ya karɓa bayan ya zaftare kuɗin, Mahama bai ko yi ciniki ba.

Ranar faretin ya ajiye aiki ya je. Rana ta buɗe sosai, ga jama'a maƙil, sai ɗage yake yi ta kafaɗun mutane har ya hango ta a layi na biyu, haɓa a sama, hannu na tashi daidai da na sauran. Idonsa ya kawo ruwa. Da aka tashi ya kutsa don ya isa gare ta, sai ya tarar Kamil ya riga shi, ya dafa kafaɗarta, ƙawayenta sun yi musu zobe ana ta hoto. Basira ta hango shi ta ɗaga masa hannu, amma ba ta fito daga hoton ba.

Kwana biyu bayan haka, a inuwar da 'yan aboboya ke jiran lodi, abokinsa Rafi'u ya miƙo masa waya. "Cale, abokina, ba 'yarka ce wannan ba?"

Ita ce, da hularta a karkace, Kamil a gefenta yana murmushi. A ƙasan hoton ya rubuta da Turanci cewa yana alfahari da 'yarsa. Rafi'u ya karanta masa abin da mutane suka yi ta rubutowa: Allah ya raya maka, kamarku ɗaya, ashe kana da babbar 'ya haka.

"Kamarsu ɗaya kuwa," in ji Rafi'u, ba da wata manufa ba. "Hancin ne."

"Hancin uwarmu ne," Mahama ya ce. "Ni ma shi gare ni."

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya yi ta tuna shekarar da mahaifinsu ya rasu, shi ya bar aji ya shiga dako don Kamil ya ci gaba da zuwa makaranta. Bai taɓa yi masa gori ba, ko a zuci. Yanzu kuwa sai ya tsinci kansa yana lissafa abin, yana jujjuya shi kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo da harshe. In Kamil ya zo gaishe su ranar Juma'a, sai ya riƙa lura da abubuwan da da ba ya gani: yadda yake ajiye mukullin mota a inda kowa zai gani, yadda yara ke rige-rigen ɗaukar masa takalmi, yadda Hamamatu ke zuba masa ƙosai a farantin baƙi. Ko dariyar Basira sai ya ga kamar ta fi ƙarfi in Kamil ne ya yi maganar.

Ana cikin haka, zango na gaba, Basira ta dawo da labarin tafiya. Ajinsu za su je Cape Coast, su ga tsohon gidan da ake tsare bayi a da, su bi gadar igiya ta dajin Kakum, su tsaya bakin teku. Ta faɗi kuɗin, Hamamatu ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kai! Makka za a kai ku?"

"Mma, kowa zai je. Har Najiba, kuma babanta ba shi da lafiya." Sannan ta ce a hankali, "In na gaya wa Dadi..."

"Ba za ki gaya wa kowa ba," Mahama ya katse ta. Muryarsa ta fi yadda ya yi niyya ƙarfi, har ƙaramin yaron ya daina tauna. "Ubanki yana raye. Ni zan biya. Duk wanda ya kai maganar nan shagon Kamil, ni da shi ne."

Da yara suka fita, Hamamatu ta ce, "Baban Basira, da me za ka biya? Ga kuɗin ɗaki ya kusa."

"Da hannun da na ciyar da ku har yau."

"Ƙanenka ne fa, ba bare ba. Abin da ya yi wa Basira kai ya yi wa."

"To ya bari in yi wa kaina."

Ta koma kan aikinta. Ta san shi: mutum ne mai sanyi, amma in ya kafe, jaki ma ya sallama masa.

Ya shiga nema ba ji ba gani. Lodin da a da yake ƙi saboda nisa ko nauyi, yanzu shi yake fara ɗaga hannu. Ya ɗauki sandunan rodi, ya ɗauki tumaki zuwa mayanka, har shara ya kwashe wa wani gidan abinci. Ya daina sayen shayin safe. Abin ya fara taruwa, har ya fara tafiya da ɗan ƙwarin gwiwa, sai ruwan sama ya sauko kwana da kwanaki, kasuwa ta mutu. Ruwan na ɗaukewa, tayar baya ta fashe masa a hawan Sofoline da lodin albasa a kai, mai babur kuma ya ce taya ta direba ce, haka suka yi tun farko. Abin da ya tara ya koma rabi.

Basira ba ta sake tambayarsa ba. Da farko ta yi ta kumbure-kumbure, tana cin abinci kai a ƙasa. Daga baya sai ya ga ta sake, har tana wanke jakarta tana 'yar waƙa. Ya ji daɗi, ya ce a ransa yarinyar ta yarda da ubanta.

Ana gobe tafiya, ya yi wanka da hantsi, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya nufi makarantar da abin da ya samu. Niyyarsa ya roƙi malamar ajinsu ta karɓi wannan, ya cika sauran ƙarshen wata. Duk hanya yana shirya kalaman da zai faɗa. Ya same ta a baranda tana duba littattafan yara, wata mata mai gilashi da fara'a. Ya gaishe ta da harshen Twi, ya ce ya zo ne kan kuɗin tafiyar Basiratu.

"Basiratu? Ai an gama da nata," in ji malamar. "Babanta ya riga ya biya tun makon jiya. Har ya ƙara da na ruwan sha ga 'yan ajin gaba ɗaya, Allah ya yi masa albarka. Kai ne direban da zai kawo mana kayan abinci?"

Mahama ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska. Duk kalaman da ya shirya suka watse. Ya ce, "A'a," ya juya ya fita, bai ko yi sallama ba.

Hamamatu tana wanke ƙwaryar ƙullu ya faɗo gidan. Tana ganin fuskarsa ta gane.

"Ni ce," ta ce, tun kafin ya tambaya. "Ba ita ba ce, kada ka taɓa ta. Na ga tayar nan ta cinye ka, na ga yarinya tana kuka a bayan gida tana toshe baki don kada ka ji. Ka ce in zuba ido mota ta tashi ta bar ta saboda kai da ƙanenka kuna gasa?"

"Ba gasa nake da shi ba."

"To mene ne?"

Ba shi da sunan da zai ba abin wanda ba zai ji kunyarsa ba. Ya fice.

Shagon Kamil yana kan babban titi, gaba duk gilashi, ciki sanyi kamar randa. Akwai masu saye biyu da yarinyar shago. Kamil ya miƙe da murna. "Yaya! Yau kai ne a shagona? A kawo wa Yaya kujera."

"Ba zama na zo yi ba. Kai ka ce musu kai ne uban Basira?"

Murmushin Kamil ya rage. "Ban ce ba. Su suka ɗauka haka."

"Ka gyara musu?"

"Yaya, mene ne abin gyarawa? Ni ba ubanta ba ne? Yau in ta Allah ta kasance a kanka, wa za a kira?"

Gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona shi. "Ban mutu ba tukuna," ya ce. "Ka bari in mutu, sai ka gaje ta. Kana so a ce Kamil mai kyauta, Kamil mai 'ya. Ka yi aure ka haifi taka mana, ka san yadda ake kwana da zazzaɓin yaro, ba hoto kawai ba."

Masu sayen suka dukufa kan wayoyin da ke gabansu kamar ba sa ji. Kamil ma ransa ya ɓaci, ya rage murya ya ce, "Eh, ina jin daɗi in ta kira ni Dadi. Laifi ne? Ina da shi, ina so in kashe mata. Kai kana so ta rasa don kada a ce ni na ba ta. Wannan ba so ba ne, Yaya."

Mahama ya zaro kuɗin daga aljihu, duk sun yamutse da gumi, ya dire su a kan gilashin. "Ga wannan. Sauran ƙarshen wata."

"Wallahi ba zan karɓa ba."

"Ka zubar." Ya fita, zafin titi ya mare shi, amma ya ji ƙirjinsa ya ɗan yi sauƙi. Ko ba komai, yanzu da guminsa a cikin tafiyar.

Sauƙin bai kai shi gida ba. Yana shiga, Hamamatu ta ɗago wayarta ta nuna masa. Kamil ya turo mata kuɗin ta momo, asusun kuɗin nan na waya, cif yadda aka ajiye masa.

"Mayar masa."

"Na riga na aika a auno mini wake da gero," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "In kana son faɗa da shi, ka nemi wani makamin, ba abincin yarana ba."

Da asuba bayan salla ya ce shi zai kai Basira makaranta. Ta so ta ce Dadi ya yi alkawarin zuwa da mota, ta dubi uwarta, ta haɗiye. Ya shimfiɗa kwali mai tsabta a bayan aboboya, ta hau da jakarta, ta rungume gwiwoyi. A hanya ya tsaya ya saya mata dafaffen ƙwai da burodi. Ya lura da wata waya mai faɗin fuska da take ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi, aron da Kamil ya ba ta don ɗaukar hoto, ya yi kamar bai gani ba.

"Baba, ka sauke ni a kwanar nan, zan ƙarasa."

Bai sauke ta ba. Har gaban doguwar motar ya kai ta, inda iyaye da yara suka taru, ya kashe babur, ya nufi malama mai gilashi kai tsaye.

"Madam, jiya ban gabatar da kaina ba. Sunana Mahama. Ni ne uban Basiratu, ni na haife ta. Wanda ya biya ƙanena ne."

Ya faɗa da ƙarfin da na kusa duk suka ji. Malamar ta dafe ƙirji ta yi ta ba shi haƙuri, har ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Basira kuwa ta sunkuyar da kai ta shige mota da sauri, ta zauna ta ɗaya gefen da ba ya iya ganin ta. Motar na shirin tashi sai ga Kamil ya iso, ya zagaya ta wancan gefen, Mahama yana jin muryar 'yarsa ta taga tana cewa, "Dadi, ka makara!" 'Yan'uwan biyu suka tsaya, mota a tsakaninsu, har ta tashi ta bar su suna kallon juna. Kamil ya ce, "Ina kwana, Yaya." Mahama ya ce, "Lafiya." Kowa ya kama gabansa.

Sai bayan isha suka dawo, ta faɗi ta yi barci da kayan jikinta. Labari sai da safe, a gindin murhun uwarta, ƙannenta sun sa ta a tsakiya, masu sayen koko ma sun ƙi tafiya. Mahama yana gefe yana ɗaure igiyar lodi, yana yi kamar ba saurare yake ba. Shi bai taɓa ganin teku ba. Iyakarsa tafkin Bosomtwe, shi ma lodi ya kai.

Ta ba da labarin ɗakunan bayi masu duhu da wari, yadda Najiba ta yi kuka a ciki. Ta ce teku ba shi da ɗaya gefen, kuma yana da ƙara kamar manyan motoci na wucewa ba tsayawa. Ta ce ta kira Dadi daga bakin ruwan don ya ji ƙarar. Mahama ya ja igiyar har ta ci masa hannu.

"Gadar fa?" in ji ƙanenta. "Kin hau?"

"Na hau. Wallahi ba zan ƙara ba! Igiya ce da katako siriri, a can saman itatuwa, in ka duba ƙasa ba ka ganin ƙasa. Ina tsakiya wani yaro ya girgiza ta. Na durƙusa na riƙe igiya, na rufe ido na yi ta ihu, sai da ticha ya dawo ya kamo hannuna."

"Me kika ce a ihun?" Mahama ne ya tambaya. Shi kansa bai san lokacin da maganar ta fito ba.

Basira ta rufe fuska tana dariya. "Mma na yi ta kira. Wayyo Mma, wayyo Mma! Duk ajin yanzu haka suke tsokana ta."

Hamamatu ta juya ƙosai a mai, ta ce, "Ato. Ku dai ku yi ta yi."

Mata suka kwashe da dariya, Mahama ma ya ɗan murmusa. Ba shi aka kira ba, amma ba a kira Kamil ba, kuma ya ji kunyar yadda wannan ɗan abin ya faranta masa rai. Ya tura babur ɗin gaba ya tayar. Bai kai bakin titi ba ya ji wayar aron nan ta yi ƙara a bayansa, ya ji Basira ta ɗauka da murna tana ce wa Dadi yanzu za ta kawo masa ya ga hotunan.

Ya tsaya, injin na rawa a ƙarƙashinsa. Ya juyo ya ƙwala mata kira.

"Basira! Kafin ki kai masa, kawo in fara gani."

Ta zo da gudu, ta jingina da kafaɗarsa tana shafa fuskar wayar da yatsa, hoto bayan hoto. Ya yi ta kallo, lodin farko na Kejetia yana wuce shi, bai ce ta yi sauri ba.